Faifan da Na Ce Ni Na Ɗinka

Saura wata biyu iƙamata, takardar izinin zamana a Saudiyya, ta ƙare lokacin da na yi ƙaryar. Ban shirya ta ba. Suɓuce mini ta yi kamar cokali a hannu mai sabulu.

Aikin gida nake yi a unguwar Ruwais da ke Jidda, a gidan wata mata da mijinta da mahaifiyarta tsohuwa, wadda kowa a gidan ke ce wa Sitti. Matar gidan, Madam, ita ce kafilata. Sunanta ne a kan takarduna, kuma idan wa'adin ya cika, yatsanta ɗaya a kan waya shi zai sa in zauna ko a buga mini fita ta ƙarshe. Ba ta ce za ta sabunta ba, ba ta ce ba za ta sabunta ba. Ni kuwa na san halina. Na ƙona shimagin maigidan, ƙyallen da yake yafawa a ka, da dutsen guga, na jefa abayarta mai duwatsu a injin wanki ta fito tsirara. Rannan kuma ina goge matakala na ji tana tambayar wata ƙawarta a waya ko ta san yarinyar da ta iya guga.

Ba na son komawa. Da zan taho har tasha aka raka ni, aka yi mini addu'a a zaure. Ba na son in koma unguwarmu a ce Makka ta ƙi ni.

Ran Juma'a, ranar hutuna, na kai kuka wajen Gwaggo, yayar babana, a unguwar Hindawiyya inda ta koma bayan an rushe tsohuwar unguwarsu Karantina. Tana 'yar shekara bakwai aka kawo ta Jidda. Sana'arta sayar da abin da masu umara ke kawowa daga gida, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da man shanu da fayafai. Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarta na ci. Ta saurare ni tana tsinkar mulukiyya, lalon Larabawa, sannan ta miƙa hannu bayan firji ta zaro wani faifai babba, ja da kore da baƙi, da tauraro a tsakiya.

"Kai mata wannan," in ji ta. "Mace ba ta korar wadda ta ba ta kyauta a watan da aka ba ta. Halas."

Na kai. Madam ta juya shi, ta shinshina, ta ɗaga shi wajen taga. A shekara biyu ban taɓa ganin ta kalli wani abu da ya fito daga hannuna da irin wannan fuskar ba. Sai ta ce, "Min sawwa hada?" Wa ya yi shi.

Na ce, "Ana." Ni ce.

Madam a ƙasar Turawa ta yi karatu, kuma idan abu ya burge ta Turanci ne ke fara fitowa. Ta ce kiraf, wato aikin hannu, ta maimaita har sau uku. Ta ce ashe mai kiraf ce a gidanta take wanke bayi ba ta sani ba. Ta ce akwai kasuwar mata da ake ci a wani ɗakin taro kusa da teku, inda take da teburin turare, kuma a wannan karon masu shiryawa suna son a ga masu aikin hannu suna yi a gaban jama'a. Ran Alhamis, nan da kusan mako biyu. Za ta shimfiɗa mini tabarma kusa da teburinta.

Don in sami abin cewa, na ce ai mu ma muna da wannan kalma a makaranta. Ta ji daɗi, ta ɗauki waya ta karanta mini cewa a tsohon Turanci ƙarfi take nufi, daga baya ta koma gwanintar hannu, har ƙananan jiragen ruwa ma ana kiran su da ita. Ina ta gyaɗa kai.

Gaskiya ne muna da kalmar a makaranta. Abin da ban gaya mata ba shi ne yadda muke yi da ita. Kowane ƙarshen zango akwai ranar kiraf, kowace ɗaliba ta kawo abin da ta yi da hannunta, tsintsiya ko mafici ko igiya. Jajiberin ranar duk ajinmu muke haɗuwa a rumfar wata tsohuwa a kasuwa, har ta riƙa tambayar mu yaushe ne jarrabawa don ta ƙaro kaya. Gwanintar tana wajen lalatawa. Idan ka kai mafici mai kyau sosai malama za ta gane, don haka sai ka ɗan taka shi, ka zare silli biyu, ka goga masa ƙasa. Ni ce na fi kowa iya wannan. Har daga wasu azuzuwa ake kawo mini kaya in lalata, kuma ban taɓa faɗuwa kiraf ba tun daga firamare har na gama sakandare. Ban kuma taɓa saƙa ko da zoben kaba ba.

Juma'ar da ta biyo na shiga ɗakin Gwaggo ko sallama ban ƙarasa ba.

"Uwata, esh kika ce mata?"

"Na ce ni na ɗinka."

Ta yi dariya har sai da ta dafa tukunyar gas. "Ke? Ke da sai kin lashi zare sau biyar kafin ya shiga allura?"

"Gwaggo ki daina. Kwana shida ya rage. Ki koya mini."

"Ni? Ya binti, a Karantina na girma. Abin da na iya da faifai biyu ne, in rufe tuwo da shi, in sayar da shi." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Me kika ce sunan abin da bakinsu?"

"Kiraf."

"Ƙira ce suka ara, suka lanƙwasa mata baki."

"Madam ta ce asalinta ƙarfi ne."

"To shi ma namu ne. Yalla, miƙo mini wancan."

Dabararta mai sauƙi ce. Faifai daga cibiya ake fara shi, a riƙa zagayawa ana naɗe ciyawa da kaba har a kai baki. Saboda haka idan aka warware layukan baki na wanda aka gama, ya zama wanda ba a gama ba. Sai in je da shi haka, da basilla, da sillayen da muka zare, in zauna in ɗan ƙara layi ɗaya ko biyu. Muka ɗauki wani babba muka hau shi. Warwarewa ba wuya. Ka soka basilla ƙarƙashin ɗinki, ka ɗaga, ka ja sillin ya fito a nannaɗe. Kafin la'asar hannuna ya saba, har ina yi ina kallon wani waje.

Mayarwa ce ta gagara. Da na soka sillin na ja, sai ya ce ƙas, ya karye. Na sake, ya karye. Gwaggo ta karɓa, ya karye mata. Ta ce jirgi ne ya lalata kabar, sanyin sama ba ya yi wa kayan gida daɗi. Muka shafa mata man zaitun, ta yi santsi ta kuma karye. Muka gwada man shanu, ɗakin ya ɗauki wari, kabar ba ta sauya hali ba.

"Ma alesh," in ji Gwaggo. "Ba ɗinki za ki je yi ba, zama za ki je yi. Mai sana'a ba ya sauri. Ki soka basilla, ki tsaya ki harare shi kamar ya yi miki laifi. Ki juya shi. Ki sha ruwa. In an yi miki tambaya ki faro amsa tun daga kakarki. Da an kira magariba ki tashi, ki yi nafila har ta mutanen layinku."

"In ta gane fa?"

"In ta gane kin ga ba ruwana, ni daddawa nake sayarwa." Amma da zan tafi ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta tofa mini addu'a mai tsawo, kuma ba ta yi dariya ba.

Ran Alhamis bayan la'asar muka isa. Ɗakin taron ya yi sanyi kamar cikin firji, ga ƙamshin turare iri-iri yana karo da juna. Masu aikin hannu na gaske suna nan. Wata tana saƙa a masaƙa, ƙafa da hannu duk suna aiki. Wata tana juya yumɓu, tulu yana tashi tsakanin tafukanta. Ni aka shimfiɗa mini tabarma a gefen teburin Madam, aka jera fayafan Gwaggo guda huɗu a bayana, aka ajiye mini gorar ruwa da farantin dabino.

Na soka, na harara, na juya, na sha ruwa. Minti goma suka wuce a haka. Sai wata mata ta tsaya a kaina da waya a ɗage, tana jira ta ɗauki abin da hannuna zai yi. Na ja silli, ya karye. Na yi murmushi na ɗauki wani, ya karye. Matar ba ta tafi ba, wasu biyu ma suka tsaya a bayanta. Hannuna ya ga ba ni da shawara, sai ya yi abin da ya iya. Ya soka basilla ƙarƙashin ɗinki, ya ɗaga, ya ja.

"Masha Allah," in ji matar.

A nan na gano abin da ban sani ba. Ga wanda ke tsaye yana kallo, ɗinki da warwara kamanninsu ɗaya. Basilla ta shiga, silli ya biyo, hannu ya tashi sama, faifai ya juya. Na saki jiki. Ina ja ina tura sillayen ƙarƙashin cinyata, ina ja ina turawa. Saurina ma ya burge su. Madam ta leƙo daga teburinta ta yi mini alama da babban yatsa.

Ba zan ɓoye ba, na fara jin daɗi. Wata ta tambaye ni ma'anar tauraron, na ce mata a ƙasarmu ba a sa shi sai a faifan wadda ta haifi tagwaye. Wata ta tambayi shekara nawa na yi ina koyo, na ce tun ban iya tafiya ba. Larabcina da ke maƙalewa a gida ya buɗe kamar famfo.

Ban lura da lokacin da aka turo Sitti a kekenta na marasa lafiya aka ajiye ta a gefena ba. Madam ta zo da ita ne don ta sha iska, da ciniki ya yi yawa sai ta kawo ta inda ba za a buge ta ba. Sitti 'yar ƙarama ce, kan yatsunta kullum da lalle. A shekara biyu ba ta ce mini komai ba sai shayi da rufe ƙofa. Na ɗauka gyangyaɗi take yi, don idonta a lumshe yake, carbi a hannu.

Da mutane suka ɗan ragu sai na ji murya a gefen kunnena.

"Fen al-moya?"

Na yi sauri na buɗe gorar ruwa na miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi gorar, ta dube ni.

"Ban ce ina jin ƙishi ba. Ruwan da kike jiƙa kabar nake tambaya."

"A ƙasarmu ba ma jiƙawa, Sitti."

"A ƙasarku ganye ba ya bushewa?"



"Da aka ajiye ni nan," in ji ta, a hankali, tana jan carbinta, "wannan abin zai rufe tiren shinkafa. Yanzu sai dai ya rufe butar shayi. In aka bar ki har isha, maɓalli za ki kai gida. Ɗaga cinyarki."

Na ɗaga. Sillayen suka bayyana, tuli guda, ja da kore da baƙi, a nannaɗe kamar taliya. Ta sa na juye dabinon a cinyarta, na zuba ruwan a farantin, na tsoma su ciki. Muka zauna muna kallon faranti, ni da ita, tana cin dabino. Bayan ɗan lokaci ta ɗauki silli ɗaya ta naɗe shi a yatsa. Ya naɗu lumus kamar zare, bai karye ba. Ruwa kawai. Ni da Gwaggo mun ƙarar da rabin kwalbar man zaitun, ga famfo a bayanmu.

"Hati," in ji ta. Na ba ta faifan da basillar.

Yatsun nan da ba sa iya riƙe kofi sai da taimako, suka kama aiki. Da farko da rawa, sannan suka daidaita. Tana yi tana magana, ba da ni ba sosai. Ta ce a ƙauyensu can kudu, kafin aure ya kawo ta Jidda, yarinyar da ba ta iya saƙa ganyen dabino ba, ba a aika ta ko ɗiban ruwa. Ta ce da manyan 'ya'yanta suka girma suka ce aikin ƙauye ne, suka sayo mata na roba. Ɗinkinta ba irin namu ba ne, ya fi matsewa, yana kwanciya gefe, amma faifan ya fara girma a karon farko tun da ya sauka daga jirgi.

Mata suka taru, wayoyi suka tashi. Na ja baya ina fatan tabarmar ta naɗe ni. Sai ga Madam ta ratso su.

"Ummi?" Ta tsaya baki buɗe. Ina jin ba ta taɓa ganin uwarta da basilla ba. Ta dube ni, fuskarta cike da murna. "Ke kika koya mata? Yanzu yanzu?"

Na ɗaga ido na kalli Sitti. Duk roƙon da na iya na zuba shi a kallon nan. Na roƙe ta da Allah, da Annabi, da shayin da na yi shekara biyu ina kai mata. Ta gan ni sarai.

"Wannan?" in ji ta, ba ta ko rage murya ba. "Wannan ba ta taɓa ɗinka komai ba. Tun la'asar take warwarewa."

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Matar farko, mai waya, ta buɗe hoton da ta ɗauka ta sake kallo, ta nuna wa ta kusa da ita, su biyun suka sunkuya a kai. Madam ta dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da take yi wa riga kafin ta ce a ba da ita sadaka, sannan ta koma teburinta.

A mota ba wanda ya yi magana sai Sitti, da ta ce wa direba ya samo mata ganyen dabino ɗanye. Washegari da safe Madam ta same ni a kicin ta tambaye ni wa ya yi fayafan. Na gaya mata gaskiya, ban san matar ba, wata ce a can gida. Ta tambaye ni dalilin ƙaryar. Na ce na ji tsoron kada ta mayar da ni. Ta ce, "Tayyib," wato to, ta ɗauki kofinta ta hau sama.

Kwana takwas na yi a cikin wannan tayyib ɗin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na sami sauƙi. Abinci ya ƙi shiga. Na ninke rabin kayana na sa a jaka, na tura ta ƙarƙashin gado. Da na kira Gwaggo na ba ta labari, ta yi dariya a wajen ruwa, ta ce wallahi ita ma ta yi tunaninsa ta dai manta ta faɗa. Da na kai wajen tayyib sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Uwata, ki yi ta istigfari." Shi ke nan dabarar da ta rage mata.

Sitti kuwa kamar an sauya ta. Kullum bayan azahar ƙararrawar da take kirana da ita za ta kaɗa. In je in tarar da ita da tulin ganye, ta sa ni tsagawa da farce, in jiƙa, in miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ba ni nawa ƙaramin in fara daga cibiya, kuma duk ɗinkin da ya yi sako-sako sai ta ƙwanƙwashi bayan hannuna da gindin basilla. A rana ta huɗu na kasa daurewa.

"Sitti, me ya sa kika tona ni?"

"Da na rufa miki, ke za a ci gaba da kaiwa, ni a bar ni da talabijin. Yanzu ni aka gayyata wata mai zuwa."

"Za a mayar da ni gida fa."

"Mai yiwuwa," in ji ta. "Miƙo jan."

A rana ta shida ina shanya a bayan ɗakinta na ji su ta taga. Sitti tana cewa sabuwar 'yar aiki sai ta yi shekara kafin ta san yadda take shan shayi, kuma wadda ba ta iya ƙarya ba har a kama ta cikin yini ɗaya, irinta ake bari a gida. Madam ta ce na kunyata ta a gaban ƙawayenta, har yanzu ana turo mata hoton. Sitti ta ce ita ma ta gani, ta fito da kyau a ciki. Sai aka ja labule aka rufe tagar, ban ji sauran ba. Na tsaya da rigar maigidan a hannu har ta ɗiga mini ruwa a ƙafa.

Jiya da hantsi ina wanke kofuna wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ga saƙon hukuma ne tun ban buɗe ba. Fita ta ƙarshe ma ta saƙo take zuwa. Na shiga bayi na kulle, na zauna a ƙasa, na buɗe da yatsa mai kumfa. Sai da na karanta sau uku kafin Larabcin ya tsaya waje ɗaya. An sabunta, shekara ɗaya.

Ban san tsawon zaman da na yi a wajen ba. Da na fito na haɗu da Madam a ƙofar kicin. Na buɗe baki zan yi godiya, ta ce kofunan jiya suna ƙarni, a sake wanke su, ta wuce. Ban kai ga kofunan ba ƙararrawa ta kaɗa.

Na tarar da Sitti ta riga ta baza ganye a cinya. Ta ɗago ta dubi idona.

"Kuka kika yi?"

"A'a, Sitti."

"Je ki wanke hannunki kafin ki taɓa mini kaya. Gishiri yana ɓata launi."